Tarihin Aikin Yanar Ido

Jama'ar Maigatari da Gumel, da na Gagarawa da Sule Tankarkar, ku saurara. Cikin idon kowa, bayan ɗan baƙin nan, akwai wata ƙwaya garau kamar gilashi, ta cikinta haske ke shiga. In tsufa ya zo sai ta dushe, ta yi fari. Wannan ita ce yanar ido.

A da, masu yawo ƙauye-ƙauye ke aikinta. Sukan soka tsinke su tura ƙwayar can cikin ido. Mutum ya ɗan ga haske ya yi murna, daga baya sau da yawa idon ya yi ciwo ya mutu.

Cikin 1747 wani likitan Faransa, Jacques Daviel, ya fara fid da ƙwayar waje ɗungum. Irin wannan aiki aka yi ta yi a asibitin ido na mishan da aka buɗe a Kano cikin 1943. Amma idon da babu ƙwaya ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri ƙwarai. In ya fashe, ko ya ɓace a gona, an koma gidan jiya.

To, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya lura da matuƙan jiragen sama waɗanda ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shige musu ido. Ya ga ido bai ƙi robar ba. Sai ya sa aka ƙera ƙwaya da ita, ya dasa wa wata mata a asibitin St Thomas na Landan cikin 1949. Yau haka a ke yi: a cire dusasshiya, a sa ta roba, ta zauna har iyakar rai. Tabarau mai kauri ya kau, sai dai wani ya nemi na karatu.

Duk da haka, binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ta jawo fiye da kashi 40 cikin 100 na makanta, kuma yawancin idanun da aka soka da tsinke ba su tsira ba.

Saboda haka, in tsohonku ya fara ganin hazo ba lokacin hunturu ba, kada ku kai shi wurin mai tsinke. Ku kawo shi disfensa a duba, a ba ku takarda zuwa asibiti. Ba kowace makanta ce yana ba, likita ne zai rarrabe. Idon da tsinke ya kashe kuwa, ba mai iya tashe shi.