Ɗan tsakon da bai san uwa ba

Kazar gida a Burumburum, idan ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta kan bi ta suna tsattsagar ƙasa, har da kashinta suke haɗiyewa. Ta haka ne bakteriya masu amfani ke shiga hanjin ɗan tsako, su kama wuri tun kafin masu cutarwa su iso. Shi kuwa ɗan tsakon gidan gona, wanda inji ya ƙyanƙyashe a Ibadan aka lodo shi a kwali zuwa Kano, hanjinsa kamar kango yake: wanda ya riga shiga shi ne mai gida.

Masana sun daɗe ba su lura da wannan giɓi ba, domin sun sami abin da ya rufe shi. A ƙarshen shekarun 1940, Thomas Jukes da Robert Stokstad na kamfanin Lederle a Amurka suka gano cewa ɗan kaɗan na maganin Aureomycin a cikin abinci yana sa 'yan tsaki saurin girma. A 1951 hukuma ta amince, antibayotik ya zama mahaɗin abincin kaji kamar gishiri. Rahoton Swann na 1969 a Ingila ya yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta na koyon jure maganin, kuma juriyar na iya kaiwa ga mutane. An saurara, amma da kunne ɗaya.

Daga Finlan aka ɓullo da wata hanya. Bayan annobar Salmonella ta afka wa kajin ƙasar a 1971, Esko Nurmi da Marjatta Rantala suka ɗebi abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya suka ɗura wa sababbin ƙyanƙyasa. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Nature a 1973 ya nuna Salmonella ta kasa samun wurin zama a hanjinsu. Aikin uwa ke nan aka mayar cikin kwalba, kuma shi ne tushen furobayotik ɗin kaji. Kasuwarsa ta buɗe sosai da Suwidin ta hana antibayotik na ƙara girma a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a Janairun 2006.

A wannan shekarar hankalin Nijeriya na wani wuri. Cikin Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, ta kuma shigo Kano. Sai a 2017 ƙasar ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da juriyar magani.

Yau ana samun furobayotik a shagunan maganin dabbobi, sai dai sau da yawa ana saya ne kamar bitamin, alhali rayayyen abu ne. Zafin rumfa na kashe shi, ruwa mai kulorin na kashe shi, haka ma antibayotik ɗin da masu kiwo suka saba zuba wa 'yan tsaki a ruwan sha tun ranar farko. Shi ya sa masu haɗa abinci suka fi son nau'in Bacillus, mai jure zafi. Ko shi ɗin ma ba ya gyara ɓarnar masarar da ta yi fumfuna, kuma a Tudun Wada da Doguwa, inda masara ke da yawa, buhun da aka ɗinke da danshi kan kai gubar aflatoksin har cikin akurki.