Jared Eliot

Jared Eliot (1685-1763) fasto ne, manomi kuma likita, wanda ya yi rayuwarsa a karkarar Connecticut, tun ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila kafin a kafa Amurka.

An haife shi a garin Guilford, a gidan malaman addinin Kirista. Mahaifinsa, Joseph Eliot, shi ne faston garin, ya rasu a 1694 Jared yana ƙarami. Kakansa kuwa, John Eliot, shi ya fassara Baibul zuwa harshen Massachusett na ’yan asalin ƙasar, aka buga a 1663. Jared ya gama karatu a 1706 a makarantar da daga baya ta zama Jami’ar Yale, sannan ya riƙe cocin garin Killingworth sama da shekara 50.

Amma a gona sunansa ya fi fita. Ya lura ƙasar yankin ta gaji saboda noma ba hutu ba taki, abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya riƙa haƙa lambatu yana janye ruwan fadama, ƙasa baƙa mai albarka ta fito, yana shuka ciyawa mai maido wa gona ƙarfi. Ya kuma gyara injin shuka da wani mai suna Jethro Tull ya ƙirƙira domin ƙaramin manomi ya iya saye. Abin da ya gwada da hannunsa shi ya rubuta a maƙaloli 6 tsakanin 1748 da 1759, kuma darajarsu ke nan.

Ya rasu a Killingworth a 1763.