Awon ciki a Zamfara: wa ke zuwa, wa ke zaune gida?

1/ Jama'a, ana yawan cewa matan ƙauye ba sa son zuwa awo. Mu duba tarihi tukuna.

2/ Da aka cire Zamfara daga Sakkwato a 1996, Gusau ta zama babban birni, manyan asibitoci suka tattaru a cikinta: FMC, asibitin Yariman Bakura, na mata da yara na King Fahad. Tsafe da Bungudu suna bakin kwalta, kowanne da babban asibitinsa. Amma fa mace a Kizara ko 'Yankuzo, kafin ta kai titi da damina, rana ta yi.

3/ Kuɗi ma da tarihinsa. Bayan SAP na 1986 da tsarin Bamako na 1987, biyan kuɗin magani ya zama jiki a ƙananan asibitoci. Ko an ce awo kyauta ne, akwai kuɗin mashin, kuɗin gwaji, ga izinin maigida, wanda sau da yawa aljihunsa ke yanke hukunci.

4/ An gwada gyara. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi masu horo karkara. Shirin PRRINN-MNCH ya haɗa kai da direbobin NURTW su riƙa ɗauko mai naƙuda cikin gaggawa. A ganina wannan ne ya fi kama bakin zaren, don ya gane matsalar hanya ce. SURE-P ya zo a 2012, aka rufe shi a 2015.

5/ Binciken lafiya na ƙasa na 2018: kashi 84 cikin 100 na matan birni a Najeriya ma'aikacin lafiya ya duba cikinsu, a karkara kashi 56.

6/ Sai 'yan bindiga suka ƙara nisan. Ma'aikata suka bar asibitocin ƙauye da dama. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita mashin. Mai ciki da jini ya ɓalle mata cikin dare, wa za ta kira?

7/ Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a je awo sau 8, don a kama hawan jini kafin ya zama jijjiga, a magance ƙarancin jini. Ma'aikaciya a Samaru za ta iya cika takwas ɗin a Keke Napep. Matar manomi a bayan Tsafe, zuwa ɗaya ma sai an tambayi lafiyar hanya.