Asalin Duba Lafiyar Na'urorin Intanet

Dillalin albasa a Galmi, ko direban da ke jiran lodin siminti a bakin masana'antar Malbaza, idan saƙonsa na WhatsApp ya ƙi tafiya, cewa zai yi babu rezo. Alhali kuwa wani lokaci rezon yana nan daram, na'urar da ke karɓar saƙon a wata ƙasa mai nisa ce ta gaza, kuma masana sun fi shekara 40 suna ijtihadi a kan yadda za a gane gazawarta tun kafin jama'a su ji a jikinsu.

Tushen al'amarin yana cikin ƙa'idar ICMP da Jon Postel ya rubuta a 1981, wadda ta wajabta wa na'ura ta amsa idan an aika mata ɗan saƙon neman amsa. A watan Disamba na 1983 Mike Muuss, ma'aikacin wani ɗakin binciken soja a Maryland ta Amurka, ya rubuta manhajar ping bisa wannan ƙa'ida, tana kira, tana ƙidaya lokacin da amsa ta ɗauka. Sai dai hujjar ping tana da rauni, domin wanda aka yi wa sallama ya amsa daga cikin ɗaki ya tabbatar da cewa yana raye, amma bai tabbatar da cewa zai iya tashi ya biya wa baƙo bukata ba.

Da aka wallafa ƙa'idar HTTP/1.0 ta shafukan intanet a 1996, sai amsa ta zo da lamba: 200 tana nufin bukata ta biya, 503 kuma na'ura ce ke iƙirari da bakinta cewa ba za ta iya hidima ba a yanzu. Daga nan aka soma keɓe wata ƙofa ta musamman wadda mai dubawa zai riƙa ƙwanƙwasawa bayan kowaɗanne 'yan daƙiƙu. Manhajar NetSaint ta Ethan Galstad, wadda ta fito a 1999 ta koma Nagios a 2002, ta ɗauki wannan gadi dare da rana. Manhajar Kubernetes, da Google ya saki a 2014, ta raba mas'alar gida biyu: hidimar da ta sandare a kashe ta a sake tayar da ita, wadda kuwa ba ta shirya ba a janye mata masu zuwa har ta farfaɗo. A ganina wannan rarrabewa ita ce mafi hikima a tarihin duka.

Amma mai duba lafiya ma yakan zama sanadin musiba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar a agogon Nijar, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya yanke hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin Facebook. Na'urorin da ke nuna wa duniya adireshin kamfanin, waɗanda aka sharɗanta musu su janye kansu muddin suka kasa jin ɗuriyar cibiyoyin, suka cika sharaɗin gaba ɗayansu a lokaci guda, alhali su kansu lafiyarsu ƙalau. Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa 6, daga Birnin Konni har California, sai da injiniyoyi suka taka da ƙafarsu zuwa cikin cibiyoyin suka gyara, hidima ta fara dawowa wajen ƙarfe 11 na dare.