Yadda Sana'ar Rewaya Ta Koma Sana'ar Awo

A zamanin da Fijo 504 take sarautar hanyoyinmu, wato tun daga shekarar 1975 da aka fara harhaɗa ta a Kaduna, ilmin ɗan rewaya bai wuce batir da koyil da kwantak da wayoyin fitila ba, kayan aikinsa kuwa ɗan kwan fitila ne da aka ɗaura wa waya biyu, in ya kama a ce akwai wuta, in bai kama ba a bi waya har a iske inda ta tsinke. Mun karɓi wannan ilmi daga iyayen gidanmu bisa taƙlidi, ba tare da neman dalili ba, kuma haƙiƙa ya wadatar a lokacinsa, domin zafin da mota ta sani guda ɗaya ne, na ruwan lagireto. Zafin gari kuwa sha'anin direba ne, in ya dame shi ya sauke gilashi.

Alhali kuwa asalin abin da zai sauya sana'ar ya riga motar kanta zuwa duniya. Tun a 1833 Michael Faraday na Ingila ya lura cewa akwai wani sinadari na azurfa wanda yake ƙara sakin hanya ga lantarki gwargwadon yadda ya ɗauki zafi, saɓanin al'adar ƙarafa, sannan wajen 1930 Samuel Ruben a Amurka ya mayar da wannan ɗabi'a ta zama ɗan ma'auni da ake iya ƙerawa a sayar. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa lantarki ya karɓi rabon mai a wata Volkswagen a 1967, daga nan mota ta soma buƙatar sanin zafi da sanyi kafin ta hukunta yawan man da za ta sha. Abin da ya tilasta mata faɗin ciwonta da bakinta kuwa dokar hayaƙi ce, ba tausayin makanikai ba: jihar Kalifoniya ta fara wajabta hakan a 1988, a 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a kan duk motar da za a sayar a Amurka, da soket mai rami 16 a kusa da sitiyari, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur.

Mu dai labarin ya iso mana ne ta tashar Kwatano. Da darajar naira ta soma faɗuwa daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai tsofaffin motocin Turai da Amurka suka cika garejinmu, kowace da ƙwaƙwalwarta da tarin na'urorin da ba mu taɓa jin sunansu ba. Fatawar da akasarin magabatanmu suka bayar a kansu ita ce duk abin da ba a gane ba a cire shi: a fitar da abin da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai kayan ƙasar sanyi ne. Ba na zarginsu da ha'inci, domin sun yi ijtihadi ne da abin da ke hannunsu, amma injuna da yawa sun tsufa kafin lokacinsu ta wannan hanya.

Ma'aunin zafin waje, wanda muke kira sansa, shi ne ya fi kowanne nuna iyakar wancan tsohon ilmi, duk da ƙanƙantarsa, don bai fi kan ɗan yatsa ba. Waya biyu gare shi, mazauninsa bayan bamba a gaban lagireto, in ban da wasu motocin Faransa irin su Fijo 406 da 307 da suke ɓoye shi a ƙarƙashin madubin ƙofa. Ƙwaƙwalwa tana aika masa bolt 5, ta karanta abin da ya rage, ta fassara shi zuwa digiri. To, tun da yake sanyi ne ke sa shi toshe hanyar wuta, idan wayarsa ta tsinke sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an shiga matsanancin sanyi, motoci da yawa su rubuta 40 ƙasa da sifiri a tsakiyar watan Afrilu a Kano. Kuma saboda an hore ta kada ta kunna kwamfreso idan gari ya kusa daskarewa, sai ta hana iyakwandishan aiki. Mai mota ya zo yana sharce gumi, ya ce, "Malam, sanyi ya ɗauke gaba ɗaya, kuma jiya na sa gas." A ce masa, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, dubi lambar nan da ke gabanka tukuna." Ya duba, ya yi salati. Kwan gwajinmu na da ba shi da abin cewa a nan, domin wuta tana nan, adadinta ne ya sauya.

Da na'urar bincike mai karanta ciwon da mota ke faɗa ta yi araha har ta shiga aljihun yaran shago, sai aka faɗa wani sabon taƙlidin. Na'ura ta ce P0073, ko P0072, ko P0071, yaro ya ruga kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sansa. Amma lambar nan da'awa ce kawai irin wadda ake shigarwa gaban alƙali, tana nuna inda rigima take, ba ta tabbatar da mai laifi sai an kawo bayyina. Bayyinar kuwa mita ce. A zare soket, a buɗe makulli, a auna ko bolt 5 na isowa, a tabbatar wayar ƙasa lafiya take. Sannan a auna sansa shi kaɗai, a riƙe shi cikin tafin hannu ko a tsoma kansa a ruwan ƙanƙara, a ga ko lambar mita tana sauka da ɗumi tana hawa da sanyi sannu a hankali ba tare da tsalle ba. Galibi sansa yakan kuɓuta, laifin ya koma kan koren tsatsa a bakin soket daga ruwan wankin inji, ko waya da ɓera ya ci, ko kuwa mai gyaran bodi da ya mayar da bamba bayan haɗari ya bar soket yana lilo.

Akwai kuma sansan da ake canjawa bisa zalunci tsantsa. Maƙera sun san cewa motar da ke tsaye tana shaƙar hucin injinta da na kwalta, saboda haka suka sa ƙwaƙwalwa ta jinkirta ɗaga lambar har sai an yi 'yar tafiya da gudu. Wanda bai san wannan hikima ba yakan sa sabon sansa, ya ga lambar ba ta motsa ba a cikin gareji, ya ce jabu ne. Idan kuma canjin ya wajaba, to, shigar soket ba ta isa hujja ba, domin kowane kamfani da jadawalinsa: na wasu yana ba da om 10,000 a digiri 25, na wasu bai kai rubu'in haka ba, kuma in aka sa na wata mota a wata, lambar za ta fito da kamar gaskiya alhali ta kauce da digiri masu yawa, na'urar bincike kuwa ba lalle ta ce uffan ba.