Hoton Taro da Ajandarsa: Bahasi a kan Majalisun Masoya Ƙagaggen Labarin Kimiyya

A farkon watan Yuli na shekarar 1939, wato watanni kaɗan bayan da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, mutane wajen 200, galibinsu samari masu ƙaramin ƙarfi, suka hallara a wani ɗakin taro a birnin Niyok na Amurka, ba don siyasa ba, ba kuma don fatauci ba, sai don su tattauna irin labaran nan na ƙirƙira waɗanda ake gina su a kan ilmin kimiyya, labaran tafiya zuwa duniyoyin sama da na injuna masu tunani. Cikinsu akwai Isaac Asimov da Ray Bradbury, waɗanda a lokacin ba su kai shekara ashirin ba, daga baya kuma suka zama shehunan wannan fanni. Akwai kuma mutum biyu, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas, da suka zo sanye da tufafin da suka riya mutanen wani zamani mai zuwa za su sa. Da mujallar Time ta tashi ba da labarin taron, sai ta ba da shi da muryar izgili, tamkar mai kallon yara suna ɗoki, kuma tun daga ran nan har yau, ko da yake taron, wanda ake kira Worldcon, ya girma har ya kai Landan a 1957 ya kuma kai Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, idon ɗan jarida bai cika sauka a kan komai ba face a kan masu baƙon tufafi.

Mas'alar da nake son in yi bahasi a kanta ita ce saɓanin da ke tsakanin abin da kafofin watsa labarai ke nunawa na irin wannan majalisi da abin da ke rubuce a ajandarsa, sa'an nan in duba yadda mas'alar take idan aka kawo ta ƙasarmu, inda na tarar ta juye, ta yi ƙafa a sama.

Wanda ya buɗe ɗan littafin ajandar Worldcon zai tarar da shafuka da aka tsaga gida gida, kowane gida awa guda ne a ɗaki guda, a kuma kowace awa ɗakuna da yawa suna aiki lokaci ɗaya: a nan masanin falaki yana bayanin abin da aka gano game da wata tauraruwa, a can marubuta huɗu ko biyar suna zaune bayan teburi suna muhawara a kan ko al'umma za ta iya rayuwa cikin jirgi har jikoki su gaji kakanni ba a sauka ba, a wani ɗakin kuma marubuci ɗaya ne da masu karatunsa kamar goma suna shan shayi, suna ƙure shi da tambaya. Bayan wannan akwai zaman shawara na membobi, inda ake gyara dokokin ƙungiya da ɗaga hannu, kuma su membobin ne ke jefa ƙuri'ar garin da za a yi taro shekara biyu masu zuwa, su ne kuma ke zaɓen wanda zai ci kyautar Hugo, wadda aka fara bayarwa a 1953, wadda Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, ta ci a 2016 da labarinta Binti. Masu shirya duk wannan 'yan sa kai ne. Gasar tufafin da ta cika hotuna kuwa dare ɗaya ne cikin kwana biyar.

Ba ina nufin majalisin ba shi da aibi ba ne. Tun a zaman farko na 1939 masu shiryawa suka hana wasu 'yan uwansu shida shiga saboda saɓanin ra'ayi, a zaman Chengdu kuma aka cire sunayen wasu marubuta daga takarar Hugo ba tare da hujja bayyananniya ba. Abin lura shi ne su masoyan ne da kansu suka bi diddigin wannan ta biyun har suka tono wasiƙun da suka fallasa ta, wanda ke nuna cewa mutanen da talabijin ke sifantawa da rashin aikin yi, kamar yadda aka yi a wani wasan barkwanci na 1986 inda William Shatner, jarumin Star Trek, ya fito yana yi wa masoyansa faɗa, mutane ne masu bin isnadi da tantance ruwaya. Wannan ne manazarci Henry Jenkins ya tsaya a kansa a littafinsa Textual Poachers na 1992, inda ya kafa hujja cewa mai son labari yana yi wa matani sharhi da hashiya, har ma yakan rubuta nasa a gefensa.

Dalilin wannan karkata ba lalle ne ya zama ƙeta ba. Muhawara ba ta da hoto. Mutum biyar a bayan teburi a Niyok daidai suke da mutum biyar a bayan teburi a ko'ina, alhali mai fuskar roba da kunnuwa masu tsini ya isa shafin farko shi kaɗai. Mu nan yankin mun san haka a aikace. Bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, yana ɗauke da nunin amfanin gona da kokawa da dambe da tseren kwalekwale da sauran wasannin ruwa, amma abin da duniya ta sani a kansa giwan ruwa ne guda ana ɗora shi a sikeli. Mutanen Jabo ta ƙasar Tambuwal kuwa sun ɗanɗana nasu a daren 25 ga Disamba 2025, sa'ad da ɓaraguzan makaman da Amurka ta harbo suka faɗo a gonakin garin, gari ya waye sunan Jabo yana bakin gidajen rediyon duniya, abin da ya cika rahotannin kuwa ƙonanniyar ƙasa ce da guntayen ƙarfe a hannun yara, kamar dai garin bai wanzu ba kafin abin ya faɗo.

To, a ƙasar Hausa ba mu rasa wannan nau'i na adabi ba. A 1969 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon da ya zo daga sama ya tafi da shi yawon sararin samaniya, kuma wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ba zai ga baƙon abu a ginshiƙin irin wannan labari ba, domin malamai sun kasa hukuncin hankali uku, wajibi da mustahili da ja'izi, labarin kimiyya kuwa gonarsa ja'izi ce, wato abin da hankali bai kore yiwuwarsa ba ko da al'ada ba ta taɓa ganinsa ba. Nan ne ya rabu da Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934, waɗanda ke dogara da aljanu da abin al'ajabi ba tare da neman sababi ba. Ba mu kuma rasa masu duban sama ba, tun da manomin Kebbe ko na Dogon Daji yana lissafin damina da taurari, ya san lokacin da Haƙ'a da Han'a da Zira'a ke shiga, yana kuma kallon Kaza da 'Ya'yanta. Hatta hanyar da ƙungiyar masoya ke haifuwa mun santa: a Amurka ta fito ne daga shafin wasiƙu na mujallar Amazing Stories, wadda Hugo Gernsback ya kafa a 1926, don yana buga adireshin masu rubuto masa har suka fara rubuta wa juna, a nan kuma ƙungiyoyin zumunta na masu sauraron rediyo sun fito daga katin gaisuwa na shirin Zaɓi Sonka, mutumin Tambuwal ya saba da sunan mutumin Maraɗi shekara da shekaru kafin su haɗu a taron zumunci su rungumi juna.

Abin da muka rasa shi ne ajanda. A dubi taron ƙaddamar da littafi kamar yadda aka saba yinsa a Sakkwato ko Kano ko Katsina. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma, ba a farawa sai babban baƙo ya iso wajen sha biyu. Sanƙira ya ɗauki lasifika ya kira shugaban taro, da uban taro, da uwar taro, da babban baƙo mai jawabi, da mai ƙaddamarwa, kowa ya taso a raka shi babban teburi inda aka jera ruwan gora da lemo. A buɗe da addu'a, a yi jawabin maraba, kowane mai jawabi ya sake jero sunayen manyan da aka riga aka jero. Mai sharhin littafi, wanda shi kaɗai ne aka tabbata ya karanta shi, a raɗa masa cewa ya taƙaita domin Mai Girma yana da wani taron. Daga nan a shiga sayen kwafi, wane ya sayi ɗaya a kan kaza, a yi tafi, wane ya yi alkawarin aikowa. Kafin a ce ko akwai mai tambaya an kira azahar, ɗalibai da matan da suka cika kujerun baya, waɗanda su ne masu karatun na haƙiƙa, su watse ba wanda ya ji muryarsu. Da daddare rediyo ya ba da labari cewa wane ya yi kira ga matasa da su rungumi karatu, an kuma tara kuɗi kaza.

A nan ɗan jarida bai yi wa taron ƙarya ba, abin da ya faru ya faɗa, kuma wannan ne ya sa na ce mas'alar ta juye. A can, ajanda mai nauyi ce hoto ya rufe ta. A nan, tun wajen tsara ajandar hoton aka yi wa hidima, saboda mai shirya taro ya san ba za a aiko da na'urar ɗaukar hoto ba sai in akwai rawani ko mai muƙami, don haka sai ya gina yininsa kaf a kan zuwansu. Idan kuwa aka waiwayi masu karatun su kansu, sai a ga sun sha irin izgilin da takwarorinsu na Amurka suka sha, har ma da ƙari, domin tun muhawarar da aka yi a jaridu cikin shekarun 1990 a kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ake sifanta mai karanta hikaya da yarinyar da soyayya ta ɗauke wa hankali, har abin ya kai ga ƙona tarin littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

An fara samun canji, adalci ne kuma a faɗa. Bikin littattafai na Kaduna da aka fara a 2017, da bikin littattafai da fasahar Hausa da Sada Malumfashi ya assasa a 2021, duka sun ɗauki tsarin zaman tattaunawa inda ake barin lokacin tambaya, a Legas kuma ana yin taron masoya littattafan zane tun 2012. Sai dai ina da ja a kan kwaikwayon San Diyego, inda mutum fiye da 130,000 ke cika gari, manyan kamfanonin fim kuma suka mamaye babban zaure da tallar hajarsu, domin wannan ma wata hanya ce ta mayar da mai karatu ɗan kallo, illa dai an musanya rawani da tauraron fim. Abin da ya cancanci aro shi ne ƙuri'ar membobi da ƙaramin ɗakin nan na mutum goma, waɗanda ba su bukatar kuɗin da ya wuce na tabarma da shayi, kuma ba baƙi ba ne ga garin da ya saba da zaman karatu a zaure bayan la'asar, inda almajiri ke tsayar da malami a tsakiyar ƙira'a ya ce bai gamsu ba.

Wahalar da ta rage ta mata ce, tun da su ne mafi yawan masu karanta hikaya da masu rubuta ta, alhali matar aure a Jabo ko Kebbe ba ta da halin kwana biyar a otal ɗin wani birni. Ita zaurenta rediyo ne da wayar hannu. Saboda haka wanda zai tsara irin wannan majalisi a kudancin Sakkwato, ya sa littafin Umaru Dembo a gaba tare da malamin falaki da manomi masanin taurari, zai fi dacewa ya nemi awa guda kai tsaye a Rediyon Rima, a buɗe layin waya, a kuma karɓi ƙuri'a ta saƙon tes, kafin ya fara tunanin wanda zai zama uban taro.