Tallafin Kare Ƙasar Noma a Karkarar Amurka: Nazari a Kan Gundumar Cimarron ta Jihar Oklahoma

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin shirin gwamnatin tarayyar Amurka na biyan manoma kuɗi domin su hutar da gonakinsu, wanda aka fi sani da CRP, tare da ɗaukar gundumar Cimarron a matsayin misali. An dogara ne ga dokokin noma, ƙidayar jama'a da rahotannin Ma'aikatar Aikin Gona. Maƙalar ta nuna cewa shirin yana rage zaizayar ƙasa, amma ɗorewarsa ta rataya ne a kan farashin hatsi.

1.0 Gabatarwa

Cimarron tana ƙurewar yammacin Oklahoma, hedikwatarta Boise City, kuma ruwan saman da take samu a shekara bai cika kai milimita 500 ba. Bayan manoma sun kafce ciyawar daji sun shuka alkama, fari ya auko a shekarun 1930, iska ta riƙa kwashe fuskar ƙasa. Guguwar ƙurar 14 ga Afrilu 1935 ta mayar da rana dare a yankin. A nan ne Arthur Rothstein ya ɗauki hotonsa na 1936, inda wani manomi da 'ya'yansa biyu ke ratsa ƙura, yashi ya binne shingen gidansu. A 1935 ɗin ne majalisar tarayya ta kafa Hukumar Kare Ƙasar Noma ƙarƙashin Hugh Hammond Bennett.

2.0 Yadda Tallafin Yake Aiki

An kafa CRP ne da dokar noma ta 1985. Mai gona yakan je ofishin FSA, hukumar da ke gudanar da shirin, na gundumarsa ya miƙa tayin kuɗin da zai karɓa a kowace eka. Hukumar tana auna tayin da maki: saurin zaizayar gonar, amfaninta ga ruwa da namun daji, da arahar tayin. Wanda ya yi nasara yakan sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya daina noma, ya shuka ciyawa. Gwamnati tana biyan haya duk shekara, tana kuma ɗaukar har rabin kuɗin shukar. Doka ta taƙaita hayar mutum guda a kan dala 50,000 a shekara, kuma a ƙa'ida ba a hutar da fiye da kashi 25 cikin ɗari na gonakin gunduma.

3.0 Tattaunawa

Saiwar ciyawa tana riƙe ƙasa, kuma a shekarar fari akan ba makiyaya izinin kiwo ko yankan ciyawa a filayen. Sai dai galibi kuɗin yana bin mai takardar fili ne. Wanda ke noman haya yakan rasa gona, masu sayar da iri da taki kuma cinikinsu ya ja baya.

Mutanen Cimarron sun ragu daga 5,408 a 1930 zuwa 2,296 a 2020, amma ba za a ɗora wa CRP wannan ba, domin ƙaurar ta girme shi da shekara 50. Rahoton sashen binciken tattalin arziki na Ma'aikatar Aikin Gona na 2004 ma bai sami hujjar cewa shirin yana korar jama'a daga gundumomi ba.

Babban raunin shirin shi ne wa'adi. Filayen CRP a faɗin ƙasar sun kai eka miliyan 36.8 a 2007. Da hatsi ya yi tsada, majalisa kuma ta rage iyakar filayen da shirin zai ɗauka zuwa eka miliyan 24 a dokar 2014, sai suka sauko zuwa kimanin miliyan 22 a 2019.

4.0 Kammalawa

Hayar kariya gwamnati take yi, ba sayenta ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A gundumomi masu ƙarancin ruwa irin Cimarron, ya kamata a karkata tallafin wajen mayar da filayen zuwa wurin kiwo na dindindin, ta hanyar biyan kuɗin shinge da rijiyoyi, domin ciyawar ta zama abin samun kuɗi ga mai ita bayan yarjejeniya ta ƙare.